Zoben Wuyan Tasi'u

Ina tankaɗe maƙwabciyata Asabe ta faɗo gida ba sallama. "Iya, babur ya kayar da Tasi'u a kwanar kasuwa!"

Tasi'u autana ne. Lokacin doka ta riga ta sa kowane mai babur sanya zoben wuya. Da mutum ya faɗi, zoben zai sandare ya riƙe masa kai har motar asibiti ta zo.

Na same shi rigingine, jini a fuska, zoben yana ta magana da muryar mace: "Kada a motsa shi. Kada a motsa shi."

Baffansa Ilu ya riga ni isa. Ya ce, "Yaro na gargara, ƙarfe zai hana shi fuskantar alƙibla?"

Tasi'u ya ce, "Baffa, bari, ina jin ƙafafuna."

"Yi kalmar shahada, ɗana."

Wani bakanike ya miƙo filaya, aka datse zoben, muryar ta ɗauke. Baffa ya juya masa kai gabas, a hankali, yana kuka.

Sai Tasi'u ya ce, "Iya, ina ƙafafuna?"

Da ma'aikaciyar asibiti ta iso, ta tallafe kansa da hannu biyu, ta ce ya matse yatsanta. Bai matse ba. Ta ɗago. "Wa ya cire zoben?"

Tasi'u bai kai la'asar ba.

Har yau idan na zo sallame salla, ba na iya juya wuya. Da kafaɗuna duka nake juyawa.