Gyaran Muryar Alkasum

A Zangon Damagaram, Modu ya toshe tagogi da tabarmi, ya kafa makirufo biyu, ɗaya gaban Wasila, ɗaya bakin jitar mijinta Alkasum, amininsa da ya rasu wata biyar baya. Modu ne ya kaɗa jitar, Wasila ta rera.

Da suka gama waƙar ya ce, "Kin fita takaba, Wasila. In turo manya?"

Ta sunkuyar da kai. "Bari mu ji abin da na'urar ta ɗauka."

Zaren kaset ya juya. Ga jita, ga muryarta. Daf da amshi sai wani ya yi gyaran murya sau biyu, yadda Alkasum yake mata alamar shiga.

Modu ya ce, "Wallahi ba ni ba ne."

Ta ja mayafinta. "Na sani, Malam Modu. Kada ka turo kowa. Bai tafi ba tukuna."