Layin da ke Wuyan Masunci

Saura wata ɗaya iƙamar Injiniya Uwais, wato takardar izinin zamansa a Saudiyya, ta ƙare, kuma sa hannun mutum ɗaya yake jira don a sabunta ta: Mista Morita, Bajapanen da ke shugabantar kamfaninsu na gine-gine a Riyad. Mutum ne da ba a gane gabansa, amma kowa ya san abin da yake ji da shi: wani tsohon hoto a bangon ofishinsa, irin wanda ake sassaƙawa a katako a buga a takarda. Gadon kakansa ne.

Uwais kuwa ba ya shiga jarrabawa bai yi bita ba. Da maigidan ya tafi hutu, sai ya roƙi kawunsa Sha'aban, wanda shi ya samo wa aikin share ofisoshin, ya buɗe masa ɗakin. Ya tsallake dardumar kawun nasa da ke shimfiɗe a ciki, ya ƙare wa hoton kallo. Masunci ne shi kaɗai a kwalekwale, ƙanƙara na zuba, ga wani siririn baƙin layi ya ratsa wuyansa. Mako biyu yana bincike a waya, har matarsa Munirat ta koma kiransa Farfesa.

Ranar da Morita ya dawo, bai ko zauna ba Uwais ya faɗo da takardunsa. Ya ce hoton nan ya hana shi sakat. Farin ƙanƙarar kaɗaici ne, ruwan kuma rayuwa ce mai wucewa. Amma inda mai zanen ya gama gwaninta, in ji shi, shi ne layin nan na wuya: ajali ne, yana maƙale da mutum, shi kuwa yana ta kamun kifinsa.

Morita ya juya ya dubi hoton. Ya matsa kusa, ya gyara tabarau, ya daɗe a tsaye. Da ya waiwayo, idanunsa sun cika da ƙwalla. A hankali ya ce a ba shi wuri.

Uwais ya fito kamar ya taka rawa don murna. Shi da kansa ya yi mamakin iliminsa. A bakin lif ya ci karo da kawunsa riƙe da bokiti.

"Ɗana, Mudir, maigidan naku, ya ga ɗan gyaran da na yi masa kuwa?" in ji tsohon. "Ɗakinsa ya fi ko'ina sanyi, amma ba a salla gaban hoto mai rai. Shi ne na zare gilashin, na yanka mutumin da biro."