Akurkin Ɗan Indiya

Bari in ba ka misalin wasu ɗalibai biyu masu koyon zanen gine-gine, 'yan gari ɗaya, aji ɗaya. Makarantarsu ta samu gurbi guda na zuwa Indiya, don a ga yadda ake gini a ƙasa mai zafi irin tamu. Aka ɗauki ɗaya, aka bar ɗaya. Wanda aka bari ya raka abokinsa tasha yana yaƙe, zuciyarsa kuwa kamar garwashi. Da ɗan tafiyar ya dawo, ba shi da zance sai na bangon bulo mai huje-huje da iska ke ratsawa, da baranda mai zurfi da ke hana rana taɓa taga. Har cewa yake sai da ya je can ya san darajar soron kakansa. Bayan sun gama makaranta, aka ba shi ginin wani ɗan ɗakin karatu a bayan gari, ya yi shi haka. Abokin ya je ya gani, ya ga abu ya yi kyau, kuma kyan ne ya hana shi sakat. Sai ya shiga bin majalisu yana cewa a zo a ga akurkin kajin da aka haye teku aka koyo.

A lokacin ana shirin gina asibitin garin, kuma saura ƙiris dattijon da ke shugabantar aikin ya miƙa shi ga mai hassadar, da zanensa na gini mai gilashi sama da ƙasa. Da ya ja bakinsa ya yi shiru, da ya samu. Amma ina! So yake ko sunan abokin kada a ambata. Sai ya goya dattijon a babur zuwa ɗakin karatun da tsakar rana, ana tsakiyar bazara, ga wuta an ɗauke, wai ya je ya sha dariya. Dattijo ya shiga yana sharce gumi, ya zauna jikin bangon, iska ta riƙa shafa masa ƙeya. Gogan naka na ta nuna ramuka yana zuba, bai lura tsoho ya cire hula ya miƙe ƙafa ba. Barci ya kwashe dattijon, kiran sallar la'asar ne ya tashe shi. Ya dubi wanda ya kawo shi ya ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Irin barcin nan marar lafiya ke nema. Kai ni wurin mai ginin nan." A kan babur ɗin nasa ya kai shi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, hassada ga mai rabo taki ce.