Faifan Safura Na Uku

Safura ta fito daga tashar jirgin ƙasa ta Barking, a London, a guje, igiyar takalminta a kwance, tana ihu ita kaɗai a titi. Faifai ɗari biyar suka buga, kuma ɗari biyar ɗin sun ƙare. Cikin kwana tara!

Sai ka san tarihin ƙungiyar kiɗansu, Upney Two, kafin ka gane wannan ihu. Su biyu ne, ita da Jane, ƙawarta tun firamare, kuma kiɗansu duk na na'ura ne, irin wanda matasan London ke tsalle a kansa a 1992. Faifansu na farko mutum arba'in da ɗaya suka saya, ciki har da kakar Jane. Na biyu kuwa Jane ta jingina kwalin da hitar ɗumama ɗaki, duk suka lanƙwashe kamar gurasa.

Shi ya sa da za a buga na uku, mahaifin Safura, Alhaji Maje, ya kafa sharaɗi. In wata ya cika da sauran ko guda ɗaya a shago, ta naɗe wayoyinta ta koma karatun haɗa magunguna. Ta amince, sannan ta shige banɗaki ta sha kukanta, don Alhaji ba ya son kuka a gabansa. Sufeton bas ne, mai gashin baki da ƙa'ida, kuma labarinsa kullum ɗaya: ya sauka ƙasar nan a hunturun 1971 da riga shara-shara, bai taɓa raki ba, ko sau ɗaya bai ce zai koma gida ba.

Daɗin faifai na uku duk yana cikin wata 'yar murya. Jane ce ta tsince ta a wani tsohon kaset da ta tarar cikin rikodar da Safura ta kwaso mata daga ɗakin shirgin gidansu. Ta yanka, ta ƙara mata gudu har ta koma siririya kamar ta yarinya 'yar shekara biyar, ta ɗora a kan ganga. Ba mai jin abin da muryar ke faɗa. Safura, da Hausarta ba ta wuce gaisuwa da neman abinci ba, ko gwadawa ba ta yi ba. Ranar da ta kunna wa iyayenta a falo, Alhaji ya ƙware da shayi, ya haura sama, aka daɗe ana jin motsinsa.

Daga washegari abin mamaki ya fara. Wani mutum ne ke buga waya shago, ya tambayi faifan nan nawa suke da shi, ya ce a ajiye masa duka. Bayan awa guda sai tasi ta zo da kuɗi a cikin ambulan, ta kwashe faya-fayan. Haka aka yi a Soho, haka a Old Kent Road, haka har Croydon. Ba wanda ya ga fuskarsa.

'Yan matan suka sa masa suna Mista Duka, suka kusa haukacewa a kansa. Jane ta rantse wani babban mai kiɗan kulob ne daga tsibirin Ibiza. Safura ta ce ina, ɗan leƙen asirin wani katafaren kamfani ne. A cikin bas suke wannan gardama, suna ƙyalƙyala dariya har direba na waiwayowa.

Masu shago kuwa ba abin da ke tsokane musu ido kamar faifan da ba a samu. Nan da nan zance ya bazu, aka sake buga dubu biyar, gidajen rediyon bayan fage suka kama shi safe da yamma, har ya leƙa lamba talatin da takwas a jerin waƙoƙin mako. A nan ne Mista Duka ya yi ɓatan dabo. Su dai ba su damu ba, ya gama musu komai.

Alhaji ya rame. Ciwon baya ya kama shi, gidan duk ya ɗauki warin man zafi, in ya ji mota ta wuce da waƙar sai ya rufe taga. Safura ta ce zafin shan kaye ne. Ta ɗan tausaya masa, amma kaɗan, don ita farin ciki kamar ya kashe ta.

Ran Lahadi da la'asar mahaifiyarta, Hajiya Amamata, ta soya waina ta tara maƙwabta, har da abokan Alhaji na masallaci, waɗanda suka haddace labarin hunturun 1971.

"A sa mana abin nan mu ji mana," in ji ɗaya daga cikinsu.

"Na'urar ta lalace," in ji Alhaji da sauri.

"Lafiyarta ƙalau, Alhaji. Jiya ma na goge ta," in ji Hajiya.

Hajiya ta ɗora faifan da hannunta. Shi wannan a kan gudun juyi arba'in da biyar a minti ake sa shi, amma maɓallin yana kan talatin da uku, inda tsofaffin faya-fayanta suka bar shi. Ganga ta fara jan ƙafa. Jane ta zabura za ta gyara, sai dai kafin ta tsallake tiren waina, 'yar muryar nan da rabin London ke rawa da ita ta sauko, ta yi kauri, ta zama ta wani saurayi mai shessheƙar kuka da Hausa tsantsa:

"Inna, ni ne Maje. Sanyi zai kashe ni, Inna. Don Allah ki ce wa Kawu ya aiko a ɗauke ni. Wallahi na fasa!"

Hajiya ta ci gaba da zuba miya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"To Alhaji, tunda kowa ya ji, gobe sai ka kwashe faya-fayan nan ɗari biyar daga ƙarƙashin gadona."