Kukan Ƙafar Jirgi da Rurin Dodo

Taubashi, kullum sai ka ce surutu ya yi mini yawa, alhali hikimar da nake zuba maka kyauta, a wani garin da raƙumi ake zuwa ɗaukarta. To ga wata, kuma kada ka wahalar da kanka da godiya, na saba.

Wani mutum ne ya gina kogon dodo a filin wasan yara na wani birni. Ɗan ƙaramin jirgi ne a kan dogo yake kwasar mutane ya kutsa da su cikin duhu. Can tsakiya sai hayaƙi ya turnuƙe, jajayen idanu su kunnu, wani ƙaton kai ya sunkuyo yana ruri har ƙirji ya ɗauka. Yara su ƙanƙame iyaye, iyayen su yi ta salati ƙasa-ƙasa, su fito suna cewa ai don yaran suka shiga. Da wannan tsoro mutumin yake ci da iyalinsa, shi ya sa kowace safiya dodon yake fara gaisarwa: ya taje masa gashi, ya sabunta fentin haƙora, ya gwada hayaƙi. Ƙafafun jirgin kuwa, tunda ba mai yankar tikiti don ya kalle su, ko giris ba su cika gani ba. Ana nan sai ƙafa ɗaya ta fara ɗan kuka, tsiii, duk sanda jirgin ya sha kwana. Ba wai bai lura ba. Amma gyara sai an rufe kogo, ga Sallah ta matso, ga jama'a. Sai dabara ta faɗo masa, irin wadda ni kaina da na jinjina mata in da ban san ƙarshenta ba: ya ƙara wa lasifikar dodo murya. Ƙafa ta ƙara kuka, ya ƙara ruri. Har aka riƙa cewa dodon bana ya fi na bara fushi, shi kuwa yana shafa gemu.

Ranar Sallah da hantsi, jirgi maƙil, layi har bakin titi, ƙafar ta cije daidai gaban dodo. A tura ya ƙi, a ja ya ƙi. Hayaƙin da aka tsara a ratsa shi cikin ƙiftawar ido ya taru, mutane suka fara tari, ba yadda za a yi sai a wangale manyan ƙofofin baya. Rana ta shigo. Sai ga dodo tsirara: soson tsohuwar katifa cikin buhuna, idanu fitilun babur, wuya yana hawa da sauka a kan sarƙar keke, kuma har lokacin yana ruri iyakar ƙarfinsa a gaban mutanen da suka zuba masa ido. Wata tsohuwa ta gyara mayafi ta ce wa mai kogon, "Bawan Allah, kashe masa muryar nan haka, tausayi yake ba ni."

Kafin la'asar makaniki ya canza boris ɗin ƙafar, ɗan ƙarfen da take juyawa a kansa wanda bai cika tafin hannu ba, jirgi ya koma tafiya sumul. Sai dai labari ya riga ya zaga gari. Duk wanda ya shiga, sai ya nuna wa na kusa da shi inda ɗinkin buhun yake, yara kuma suna ɗaga wa dodo hannu. Daga baya ma ƙafar jama'a ta ɗauke. Ƙarfe in ya karye akwai mai walda, amma har yau ban ga rumfar da ake liƙa kwarjini ba, kuma ka san na yi yawo. Ƙafar nan ba ta yi masa rowar gargaɗi ba, shi ne ya binne muryarta da hannunsa. Ai tuntuni masu iya magana, waɗanda na gada, suka ce: in kunne ya ji, jiki ya tsira.