Kalwar Da Ta Ƙi Ruɓa

Tun da aka halatta noman wiwi don haɗa magani, Talatu ke fesa wa gonarsa ta bayan gari wani ruwa mai ƙwayoyin halitta masu rai, kada ganyen ya yi fumfuna.

Yau da ta je sayen daddawa, Iya Dudu ta tare ƙofa.

"Tsaya daga nan, 'yar nan. Tun ranar da kika taɓa min kwando, kalwata ta ƙi ruɓa."

"Iya, wallahi na wanke hannu."

"To, abin da kike fesawa bai fita ba."

Talatu ta juya tana ta murza tafinta a zani. A hanya ta ga akuyar da ta mutu a gefen gonar tun farkon damina, kwance kamar mai barci, ko ƙuda babu. Sai ta tuna katanga ce kawai tsakanin gonar da maƙabarta.