Kashi na Tara

Tajuddeen ya yi jifa da waya. Sati takwas ke nan ana sakin wani fim kashi-kashi a intanet kan ɗan sarki mai bin mata a Kuala Lumpur, kuma har a fada an gane shi ne.

"In na kama marubucin nan sai ya gane kurensa, lah," in ji shi, da "lah" ɗin nan na ƙarshen maganar mutanen Kuala Lumpur da ya kama bakinsa.

Matarsa Bashira ba ta ɗago daga kwamfuta ba. Tun da kullen korona ya rufe su su biyu a unguwar Titiwangsa take rubutun digiri.

Ranar Juma'a kashi na tara ya fito. Jarumin ya yi jifa da waya, ya ce marubucin sai ya gane kurensa, lah.

Tajuddeen ya juyo a hankali.

Bashira ta ce, "Saura kashi huɗu. Ci gaba da magana, ranka ya daɗe."